Wa Ke Raɗa Wa Na'ura Suna? Tarihin Jakar /dev

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta mai aiki da Linux, ya buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni, ya nemi a jero masa abin da ke cikin jakar /dev, zai ga abin da bai saba gani a sauran jakunkuna ba. A gurbin da ake rubuta girman fayil, sai ya tarar da lambobi biyu da waƙafi a tsakani. A layin sda an rubuta 8, 0. A layin null an rubuta 1, 3. A farkon kowane layi kuma akwai harafi guda, ko b ko c. Waɗannan fayiloli ba su ɗauke da komai a cikinsu. Suna ne kawai, da lambobi biyu, da bayanin wanda aka yarje wa ya taɓa su. Amma ta bakinsu ake isa ga faifan ajiya da firinta da kyamara da sauran kayan da ke jikin kwamfutar. Dabarar ta haura shekara 50 a duniya, kuma har yau Linux ba ta watsar da ita ba. Inda aka kai ruwa rana shi ne wa zai samar da fayil ɗin, a wane lokaci, kuma wa ke da ikon raɗa masa suna.

A 1969 ne cibiyar bincike ta Bell Labs, da ke Murray Hill a jihar New Jersey ta Amurka, ta zare hannunta daga aikin Multics, wata katafariyar manhajar tafiyar da kwamfuta da take ginawa tare da jami'ar MIT da kamfanin General Electric. Wasu daga cikin ma'aikatan da aka bari hannu rabbana, wato Ken Thompson da Dennis Ritchie da Rudd Canaday, suka riƙa zama suna zana wani sabon tsarin ajiyar fayiloli a kan allo da guntayen takardu. Thompson ya ɗora tsarin a kan wata tsohuwar kwamfuta ƙirar PDP-7 da ba a cika amfani da ita ba, daga nan Unix ta samo asali. Shekaru bayan haka, da Ritchie ya zo ba da labarin yadda aka yi, ya ce yawancin zanen na Thompson ne, amma yana jin shi ne ya kawo shawarar a mai da na'urori fayiloli.

Kafin wannan shawara, a yawancin kwamfutocin zamanin, mai rubuta manhaja sai ya san inda sakamakonsa zai tafi tun kafin ya fara. Hanyar rubutu a tef daban, ta aika wa firinta daban, ta ajiyewa a faifai daban, kowace da nata ƙa'idoji. Unix ta ce a'a, a buɗe, a karanta, a rubuta, a rufe, shi ke nan. Manhajar da ta iya rubutu a fayil ta iya rubutu a firinta, domin ita ma firintar suna ce a cikin wata jaka. Littafin jagora na farko na Unix, wanda ya fito a watan Nuwamba na 1971 bayan an koma kan kwamfutar PDP-11, ya riga ya ƙunshi waɗannan sunaye: /dev/tty na na'urar da mutum ke bugawa yana karanta amsa, /dev/ppt na tef ɗin takarda mai huda-huda, /dev/rk0 na faifai, /dev/mem na ƙwaƙwalwar kwamfutar kanta. Yadda cibiyar manhajar, wato ɓangaren Unix da ke magana da kayan kwamfuta kai tsaye, ke gane su a lokacin abu ne mai sauƙi. Kowane fayil yana da lambar katinsa a rumbun ajiya, sai aka keɓe lamba 1 zuwa 40 don na'urori. Ga kwamfuta ɗaya a ɗaki ɗaya, arba'in ta isa har da saura.

Bayan an sake rubuta cibiyar da harshen C a 1973, Unix ta fara fita daga gida. Maƙalar da Ritchie da Thompson suka buga a mujallar ƙungiyar ACM a watan Yuli na 1974 ta jawo hankalin jami'o'i, kowace kuma da irin kayan da ke jikin kwamfutarta. A wannan tsakani ne aka koma ga tsarin lambobi biyu, kuma zuwa bugu na shida na 1975 ya riga ya zauna daram. Babbar lamba tana nuna direba, wato ɓangaren cibiya da ya san yaren wannan na'ura. Ƙaramar lamba kuwa cibiya ba ta ma duba ma'anarta, miƙa wa direban take yi ya san wace ce daga cikin na'urorin da ke hannunsa. Kamar baƙo ne ya shigo gari, a kai shi wurin mai unguwa, shi kuma mai unguwa ya san gidan da ake nufi. A cikin cibiyar akwai jadawali biyu, bdevsw da cdevsw. Na farko na na'urorin da ake karantawa dunƙule-dunƙule ne, irin faifai, su ne masu harafin b. Na biyu na waɗanda bayani ke kwarara harafi bayan harafi ne, irin allon bugawa da firinta, su ne masu c. Idan manhaja ta buɗe fayil, cibiya ta duba katinsa ta ga na na'ura ne, sai ta ɗauki babbar lambar ta ƙirga layuka a jadawali, ta kira direban da ta samu a wurin.

Umarnin da ke samar da irin wannan fayil shi ne mknod, kuma mai cikakken iko a kan kwamfutar ne kaɗai ke iya ba da shi. Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne cibiya ba ruwanta da sunan. Na sha nuna wa masu koyo wannan da hannuna. Sai in ƙirƙiri fayil a wata jaka tawa, in raɗa masa suna rijiya, in ba shi harafin c da lambobi 1 da 3. Duk abin da aka zuba a ciki sai ya ɓace kamar an jefa tsakuwa a rijiya gaba dubu, domin lambobin na /dev/null ne, sunan kuwa nawa ne. Wannan sauƙi yana da kaifi biyu. Alherinsa shi ne izinin da ake sa wa fayil na yau da kullum, wane ya karanta, wane kada ya taɓa, shi ne dai ake sa wa na'ura, ba sai an ƙirƙiro wani tsarin tsaro na dabam ba. Haɗarinsa kuma, idan wani ya zo da faifansa daga waje, a ciki ya riga ya ajiye fayil mai lambobin babban faifan kwamfutarka da izini a buɗe, to ya samu ƙofar baya zuwa duk sirrinka. Dalilin da ya sa daga baya aka samar da zaɓin nodev ke nan, wanda ke sa cibiya ta ƙi mutunta fayilolin na'ura da ke kan faifan baƙo.

Da na'urori suka yawaita, buga mknod ɗaya bayan ɗaya ya zama wahala, ga saurin kuskuren lamba. Reshen Unix na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda aka sani da BSD, ya yaɗa wani jerin umarni mai suna MAKEDEV da ke zaune a cikin /dev ɗin kanta. Ka gaya masa irin na'urar, shi kuma ya san lambobin da sunayen da izinin. An shafe shekaru masu yawa a haka ba tare da wani ƙorafi ba, domin a wancan zamani sabon faifai girmansa ya kai injin wanki. Sai an yi oda, injiniya ya zo, an kashe kwamfuta, an ja wayoyi, sau da yawa ma sai an sake harhaɗa cibiyar. Wanda ya yi duk wannan ba zai ji nauyin ƙara layi ɗaya na umarni ba.

Akwai abin da ya kuɓuce wa wannan tsari tun da wuri. Lokacin da Berkeley ta kawo hanyar sadarwa tsakanin kwamfutoci a 4.2BSD a 1983, ta bi wata hanya ta dabam, shi ya sa har yau katin intanet na Linux ba shi da fayil a /dev. Mutanen Bell Labs ba su ji daɗin wannan karkata ba. A manhajarsu ta gaba, Plan 9, wadda suka fara a ƙarshen shekarun 1980, sun watsar da lambobin biyu da mknod ɗungurungum, kowane direba ya riƙa gabatar da kansa a matsayin ƙaramar jaka mai fayiloli, har da na sadarwa. Plan 9 ba ta samu kasuwa ba, amma ta nuna cewa direba na iya sanar da kansa ba sai mutum ya rubuta masa suna ba.

Linux, wadda Linus Torvalds ya sanar da ita a watan Agusta na 1991 yana ɗalibi a Helsinki, ta gaji tsohon tsarin yadda yake. Babbar lamba bit 8, ƙarama bit 8, wato kowace ba ta wuce ƙima 256 ba. Tun da dubban mutane ne a ƙasashe daban-daban ke rubuta direbobi, dole aka buɗe rajista don kada biyu su yi karo a kan lamba ɗaya. H. Peter Anvin ya riƙe wannan rajista shekaru da dama, daga baya aka sa ta ƙarƙashin wani tsari mai suna LANANA. A can ne aka rubuta cewa 3 ta faifan IDE na farko ce, 8 ta faifan SCSI, 4 ta allunan bugawa da layukan siriyal, 2 ta fulofi. Kowane faifan SCSI an ba shi ƙananan lambobi 16, ɗaya tasa, 15 na yankunan da za a raba shi. Sda ya fara daga 0, sdb daga 16, a haka faifai 16 suka cinye lamba 8 gaba ɗaya. Da manyan kamfanoni suka fara haɗa ɗaruruwan faifai a kwamfuta ɗaya, sai aka yi ta ciko: aka ƙara 65 zuwa 71, daga baya 128 zuwa 135. Kowa ya san rijiyar ta kusa ƙafewa.

Ta ɗaya gefen kuma, masu harhaɗa Linux su rarraba wa jama'a ba su san irin kwamfutar da za ta karɓi kayansu ba, don haka sai suka riƙa cika /dev da sunan duk na'urar da mai yiwuwa ne wani ya mallaka. A wajajen 2003, jakar /dev ta Red Hat, ɗaya daga cikin masu rarrabawar, tana ɗauke da sunaye sama da 18,000, alhali kwamfutar da ke gabanka wataƙila na'urorinta ba su kai hamsin ba. Ganin suna a jakar bai nuna na'urar tana nan ba. Sai kuma USB, wadda ƙa'idarta ta farko ta fito a 1996, ta zo ta rushe tunanin da aka gina komai a kansa, cewa na'ura tana nan tun kafin a kunna kwamfuta kuma tana nan har a kashe. Yanzu mutum na iya cusa abu ya zare sau goma kafin azahar. Wanda ya fara shiga shi ke karɓar lambar farko, gobe idan aka sauya jeri sai sunaye su sauya. Mai firinta biyu, ta kala da ta baƙi, yana iya wayar gari ya ga takardar da ya aika wa wannan ta fito ta bakin waccan.

An ɗan ɗanɗana mafita a Linux 2.2 ta 1999, inda jakar /dev/pts ta fara samar da fayilolin allunan bugawa na wucin gadi da kanta, su bayyana idan an buɗe taga, su ɓace idan an rufe. Amma wanda ya ɗauki matsalar gaba ɗayanta shi ne Richard Gooch. Tun 1998 yake aiki a kan devfs, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce: cibiya ce ta fara sanin na'ura ta shigo, ita ce ta fara sanin ta fita, to me zai sa a bar wa mutum aikin rubuta abin da cibiya ta riga ta sani? A devfs, jakar /dev ba ta kan faifai, a ƙwaƙwalwa take, direba na yin rajista fayil ya bayyana. An yi shekara biyu ana ja-in-ja kafin a karɓe ta a Linux 2.3.46 a farkon 2000, ta fito wa jama'a a Linux 2.4 a watan Janairu na 2001.

Karɓar ba ta kashe wutar ba. Devfs ta zo da sababbin sunaye dogaye, faifan da aka saba kira /dev/sda ya koma /dev/scsi/host0/bus0/target0/lun0/disc, sai an tayar da wata manhaja mai suna devfsd kafin tsofaffin sunaye su dawo. Izinin da mai kwamfuta ya sa wa fayil yana ɓacewa idan an kashe, sai an yi dabarar adana shi. Al Viro, wanda ke kula da sashen fayiloli na cibiyar, ya yi ta nuna wuraren da ayyuka biyu za su iya rige-rige a cikin rubutun manhajar devfs su jawo ɓarna. Babbar suka kuwa ita ce an dasa sunaye a cikin cibiya, wanda ke son wani suna dabam sai dai ya yi haƙuri ko ya yi kwana. Kuma duk da wannan, matsalar firinta biyu tana nan, domin har yanzu wanda ya riga shiga shi ke ɗaukar sunan farko. Cikin masu rarraba Linux, Gentoo da Mandrake sun rungume ta, Red Hat da wasu manya suka ƙi. Daga baya Gooch ya ja baya daga aikin, devfs ta zama marainiya a cikin cibiya.

Ana cikin haka, a zangon gwaji na 2.5, Patrick Mochel ya gina wani tsari da ke bayyana duk na'urorin kwamfuta da yadda suke rataye da juna, wanda ya zama sysfs, jakar /sys. A nan cibiya ke baje abin da ta sani: wannan na'ura a wace kafa aka cusa ta, wane kamfani ya ƙera ta, mece ce lambarta ta masana'anta, waɗanne lambobi biyu aka ba ta. Greg Kroah-Hartman ya ga cewa idan duk wannan bayani yana waje, to babu dalilin barin raɗin suna a ciki. A taron masana Linux na Otawa a Kanada, a watan Yuli na 2003, ya gabatar da udev, manhaja ta yau da kullum da ke zaune a wajen cibiya. Cibiya ta yi shela cewa ga baƙo ya iso, udev ta leƙa /sys ta karanta bayaninsa, ta duba dokokin da mai kwamfuta ya rubuta, ta kira mknod. Linux 2.6 ta fito a watan Disamba na wannan shekara, a cikinta an faɗaɗa lambobin zuwa bit 12 da bit 20, wato manyan lambobi 4,096 da ƙanana fiye da miliyan ɗaya. Ba da jimawa ba Kay Sievers ya karɓi ragamar udev, aka kuma sauya yadda shelar ke isa: maimakon cibiya ta tayar da sabuwar manhaja a kan kowane motsi, sai ta riƙa aika saƙo ta wata kafa mai suna netlink, udev na zaune tana saurare.

Ni dai a wani ƙaramin shagon intanet da buga takardu na wani abokina a Zariya na san darajar wannan aiki. Wata tsohuwar kwamfuta mai Linux ce ke karɓar intanet daga modem na USB tana raba wa sauran huɗu. Saboda ƙarancin sabis, mun rataye modem ɗin a jikin taga da doguwar waya. Idan aka cusa shi, fayiloli uku ke bayyana, ttyUSB0 da ttyUSB1 da ttyUSB2, ta na farkon ake kiran layi. To da zarar iska ta kaɗa wayar, ko wani ya goge ta da kafaɗa, sai modem ɗin ya yanke ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Manhajar kiran tana riƙe da tsohon fayil ba ta sake shi ba, don haka cibiya sai ta ba shi wasu lambobin, sunaye su gusa. Sai in ji waya: “Malam, ta sake ɗaukewa fa, ga yara sun cika shago suna jiran cike fom.” Sau uku ina hawa mashin ina zuwa don in gyara harafi ɗaya. A zuwa na huɗu na zauna na karanta abin da /sys ke faɗa a kan modem ɗin, na kwafi lambar kamfani da lambar samfuri da lambar kafar da ake kira ta cikinta, na rubuta layi guda a wani fayil a /etc/udev/rules.d, cewa duk lokacin da mai waɗannan alamomi ya bayyana a yi masa laƙabi da /dev/modem. Na zare, na mayar, na zare, na mayar. Sunan yanka yana ta sauyawa, laƙabin yana biye da shi duk inda ya koma. Abokina ya tsaya a bayana yana kallon allon, ya ce, “To ashe dama abin yana da magani.” Irin wannan laƙabi ne ke cike da jakar /dev/disk a yau, inda ake kiran faifai da lambarsa ta masana'anta ko ta rumbun da ke kansa, don kada wanda ya yi niyyar goge filasha ya goge faifan da aikinsa na shekara ke ciki.

Da udev ta kafu, sai aka yi wa devfs alamar tsohon yayi. A 2.6.13 ta 2005 aka cire zaɓin kunna ta, a 2.6.18 ta Satumban 2006 aka share ta daga cibiya. A ganina an yi wa Gooch rashin adalci a yadda ake ba da labarin nan, kamar dai tunaninsa ne ya lalace daga tushe. A daidai wannan zamani FreeBSD, wadda ta samo asali daga BSD, ta koma kan tata devfs ɗin, wadda Poul-Henning Kamp ya sake ginawa, ta zama ita ce ƙa'ida tun daga FreeBSD 5.0 ta 2003, kuma har yau a kanta suke ba tare da hayaniya ba. Kwamfutocin Apple ma devfs suke amfani da ita. Abin da ya kayar da ta Linux shi ne kurakuran gini, da sunayen da jama'a ba su saba da su ba, da rashin mai kula.

Tsugune kuwa ba ta ƙare ba, domin udev tana da nata ciwon. Manhaja ce ta waje, kuma kafin manhajar waje ta tashi tana buƙatar aƙalla /dev/console da /dev/null. Wa zai samar da su, alhali mai samarwar bai farka ba? Masu rarraba Linux suka yi ta dabaru, a ajiye wasu fayiloli na dindindin, a kwafe su zuwa ƙwaƙwalwa, sannan a sa udev ta zagaya /sys tana sake tayar da shelar duk na'urorin da suka riga ta farkawa. Wannan yana cin lokaci a kowace kunnawa. Idan kuma udev ta samu matsala, mai gyara zai shiga ya tarar da /dev wayam, babu ko faifan da zai gyara.

A 2009 Kay Sievers, mutumin da ke riƙe da udev, ya kawo devtmpfs: cibiya ta riƙe wata jaka a ƙwaƙwalwa, duk na'urar da ta yi rajista ta samar mata da fayil nan take, da suna na asali da izini mai tsauri. Nan da nan masu dogon tunani suka ce ai wannan devfs ce ta dawo da sabuwar riga, aka sake buɗe tsohuwar muhawara. Masu kare ta suka nuna bambancin: rubutunta kaɗan ne, ta hau kan tsarin na'urori da aka riga aka gina, sunayen su ne waɗanda kowa ya saba da su, kuma mutum na da damar sauya izini ko ƙara laƙabi yadda ya so. Aka karɓe ta a 2.6.32 a watan Disamba na 2009. A farkon 2012, daga bugu na 176, udev ta daina samar da fayilolin na'ura kwata-kwata, ta koma gyara izini da mallaka da ƙulla laƙabi. Haihuwa da sunan yanka suka koma hannun cibiya, kamar yadda Gooch ya nema shekara 14 kafin nan.

Rigimar da ta biyo baya ta shugabanci ce. A watan Afrilu na 2012 aka haɗe rubutun udev da na systemd, manhajar tayar da kwamfuta da Lennart Poettering da Sievers suka fara a 2010, har lambar bugun systemd ta yi tsalle zuwa 183 don ta dace da ta udev. A ƙarshen shekarar wani sauyi a udev ya sa wasu direbobi suna maƙalewa wajen jiran ƙaramar manhajar da ake loda wa na'ura, Torvalds ya fusata, aka sa cibiya ta riƙa ɗauko ta da kanta tun daga Linux 3.7. Wasu masu aikin Gentoo, da ba sa son a ɗaure su da systemd, suka ɓalle da nasu reshen mai suna eudev. Ƙananan na'urori irin akwatunan raba intanet da yawa sun tsaya a kan mdev ta BusyBox, wadda ba ta da nauyi. OpenBSD kuwa, wani reshen BSD, ba ta bi kowa ba, har yau /dev ɗinta a kan faifai take, MAKEDEV na nan a cikinta.

Reshen wannan tarihi da ya fi kusa da mu yana cikin aljihu. Wayar Android, ko Tecno ce ko Itel ko Samsung, cibiyar Linux ce a cikinta, amma ba ta amfani da udev. Idan ka danna maɓallin kunnawa, manhajar farko da ta tashi tana shimfiɗa /dev a ƙwaƙwalwa babu komai a ciki, sannan ta tayar da wata ƙarama mai suna ueventd. Ita kuma ta bi jakar /sys lungu-lungu tana sa cibiya ta maimaita shelar kowace na'ura, ta karɓi babbar lamba da ƙarama, ta duba fayil ɗin ueventd.rc ta ga wa aka yarje wa taɓa wannan, wa aka hana taɓa wancan, sannan ta kira mknod ta samar da fayil ɗin. Tana gama wannan zagaye tun tambarin kamfanin bai bar fuskar wayar ba, kuma a cikin abin da ke jakar akwai null, mai harafin c da lambobi 1 da 3.